San Layyar Bana

Talata, 16 ga Janairu, 2024

Yau na rabu da sauran shanun a karar Mafara. Tun da ɓarayin daji suka kora min biyu wajen mai kiwo can Gidan Goga na ce ya isa. Kuɗin duka na tura wa Shamsuddeen, babban ɗana da ke aiki Gusau, ya saya min hannun jari ta waya: kamfanin siminti, na sadarwa, na fulawa. Na banki na ce a'a, ba ni son kuɗin ruwa cikin dukiyata.

Hamidu dillali, taubashina, shi ya yi cinikin. Ya yi ta magiya wai in bar ko jan san nan saboda layya. Na ce masa garken da na koma ba a kora shi da bindiga, in layya ta zo in sayi wanda ya fi shi. Ya ce, "To, Alhajin waya, Allah shi sa tana haihuwa." Aka yi dariya. Su yi. Da galan ɗin kalanzir na fara, yau shagon kayan ginina ya fi na kowa a layin, kuma ba wanda ya riƙa min hannu.

Laraba, 24 ga Janairu

Kore duka. Shamsuddeen ya ce kore tashi ne, ja faɗuwa. Na nuna wa 'yan majalisa bayan la'asar. Tun da na gina gidan nan kowace layya sa nake kayarwa ni kaɗai a ƙofar gida, unguwa duka ta ci. Na faɗa masu na bana sai an kira ƙarti kafin ya kwanta.

Alhamis, 29 ga Fabrairu

Ja. Wai babban banki ya ƙara kuɗin ruwa, manya suna janye kuɗinsu daga kamfanoni suna ranta wa gwamnati. To ni mi ya haɗa ni da su? Abin da na guda, shi ke cin nawa.

Asabar, 23 ga Maris

Azumi, ga zafi, ga ja. Ba wanda ya sayi ko buhu ɗaya na siminti yau, tambaya kawai suke su riƙe baki su wuce.

Talata, 16 ga Afrilu

Na leƙa kara, kallo kawai. Wani ɗan maraƙi da bai isa ya ja garma ba, abin da aka taya shi ya kusa abin da na karɓa kan jan sa. Kuma mai shi ya ce albarka. Hamidu ya hango ni, muka gaisa har da gida da gajiya da zafi, sannan ya ce, "Ina garken, an kai su mashaya?" Na juya na kama hanyar gida. 

Juma'a, 24 ga Mayu

An sake ƙara ruwan. Na kira Shamsuddeen na ce a sayar. Ya ce, "Baba, don Allah ka yi haƙuri, wanda ya sayar yanzu shi ya yi asara. Duniyar ce duka ta yi sanyi, har Sin da Turai." Ni ban taɓa cin kwabon Sin ba. Abin da na sani, abin wayar yana raguwa, sa yana ƙara tsada, ni ina tsakiya.

Matata Hajiya Hindu ta ce rago ma ai layya ne. Rago? Da zawarawan unguwa, da mutanen ƙauyukan Maradun da suka gudo suna zaune cikin kangayen bayanmu, rago zai ishe su? Ta ce, "Alhaji, su kake ji ko bakin majalisa?" Na tashi na bar mata ɗakin.

Talata, 4 ga Yuni

Hamidu ya zo shago da kansa. Wai su shida sun haɗa kuɗi za su sayi sa guda, tun da shari'a ta yarda mutum bakwai su yi tarayya. Saura gurbi ɗaya. Akwai tela, akwai mai faci, akwai malamin firamare daga Bakura. Ni Sallau, cikon na bakwai! Na ce ya tashi kafin in manta da wasan da ke tsakaninmu. Bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce zai riƙe gurbin zuwa kasuwa mai zuwa.

Lahadi, 9 ga Yuni

Saratu, ɗaya daga matan kangayen, ta tare ni a ƙofa. Bayan gaisuwa ta ce yara suna tambaya, ba su ga an ɗaure sa a turke ba, ko yana hanya? Na ce yana hanya.

Litinin, 10 ga Yuni

Na buɗe wayar na daɗe ina kallo. In na sayar yau don sa guda, rabin wahalar shekaru ta tafi a wuni ɗaya. In na taɓa jarin shago, bayan salla sai rufewa. Na gaji, wallahi na gaji.

Talata, 11 ga Yuni

Na je kara. Ban aiki kowa ba, da ƙafata na je. Na miƙa wa Hamidu kuɗin gurbina, ya nuna min san kawai. Fari ne, ba laifi.

Litinin, 17 ga Yuni

Jiya aka yi salla. A ƙofar gidan Hamidu aka yanka, ba tawa ba. Na yi niyyar in tsaya nesa a kawo min kasona, sai mai faci ya ce, "Alhaji, kama ƙafar nan mana, ko riga muke jira ta bushe?" Na naɗe hannu na kama. Rabon da in riƙe ƙafar sa tun ina saurayi.

Da aka kasa bakwai na kwashi nawa zuwa kangaye, Hajiya ta ce mu ragon da muka yanka a gida ya ishe mu. Bai kai ko'ina ba, kowa tsoka biyu uku. Ina tsaye ina jin kunya sai ga tela da robar nama, bayansa malamin Bakura da tasa, wai Hamidu ya faɗa masu inda nawa za shi. Saratu ta yi ta addu'a, sunayen duka ta jero, nawa a tsakiya. Na lura da hakan. Bai dame ni kamar yadda na zata ba.

A majalisa ba wanda ya tayar da maganar ƙarti. Ko sun manta, ko kara suka yi min.

Wayar har yanzu ja, in ji Shamsuddeen. Ni ban duba ba.

Hamidu ya ce baɗi fa? Ban ce masa e ba. Na dai ce kada ya ba wani gurbin sai ya tambaye ni.