Zabirar Baba a Buhun Gero

Damri, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Taiba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidanki da yara da mutanen Maradun. Waya ba ta shiga wajenku, shi ya sa na rubuto.

Ƙullutun nan na bayan gwiwar Baba ya kai ƙwan agwagwa, har zaman tahiya ya gagare shi. Na lallaɓa shi muka je asibiti a Talatar Mafara. Aka kwantar da shi rub da ciki, aka shafa masa wani mai sanyi, aka goga na'urar da ake duba masu ciki da ita. Baba, wanzamin gari guda, kwance yana hararar bango!

Likita ta nuna mini wani baƙin wuri a allon, ta ce ruwan gwiwa ne ya taru, ba mugun ciwo ba ne. Ta ba da magani, ta ce kada a tsaga, domin babbar jijiyar jini na kusa, kuma ko an zubar zai sake taruwa. Baba kuwa ya ce hoton shi ya gaskata: ruwa ne, kuma tun kakanninmu ruwa hanya ake ba shi. Ya ce hannunsa ba ya kaiwa, don haka wai ni zan tsaga.

Yaya, hoto ɗaya suka kalla, kowa ya ga nasa, ni ban ga komai ba sai duhu. Tsoro nake ji. Zabirarsa na cikin buhun geron da direba Mahmud zai kawo miki. Ki ɓoye ta.

Ƙaninki,
Ishaq

Damri, ranar Laraba

Yaya Taiba,

Ina gaisuwa, ya yara?

Na yi gudun gara na faɗa gidan zago. Baba bai tambayi zabira ba, bai ko yi mini faɗa ba. Yau da hantsi na same shi gindin rumbu yana wasa wuƙar da Inna ke yanka albasa, ya jingina madubi a ƙasa daidai bayan gwiwarsa. Inna ta karɓe da kuka, amma wuƙa nawa za mu ɓoye a garin nan?

Ki zo gobe, don Allah. Ke ce 'yar fari, ko sunanki ba ya iya faɗa, balle ya yi musu da ke. Zabirar kuwa, askarta ta fi wuƙar albasa tsabta. Ki taho da ita, ko ki bar ta. Wallahi ban san wanne nake roƙonki ba.

A gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Ishaq