Rigar Baba a Ranar Ganawa

Laraba da dare, watan Satumba

Ni, Shugaban makarantar kwana da jeka-ka-dawo ta Gomari, na ba da umarni a ɗauki Yagana ba tambaya. Na buga hatimi.

Ina ma haka ne.

Ƙanwata Yagana ta ci jarrabawar shiga, saura ganawa, kuma takardarsu ta ce kowane yaro ya zo da mahaifinsa. Shekara biyu ba mu ji ɗuriyar Baba ba, tun da muka gudo daga ƙauye. Ni da nake kwaikwayon muryar kowa a unguwarmu Mafoni, na ce wannan ai wasa ne. Na zura rigarsa da Mama ta tsira da ita, na riga Yagana shiga ofis, ba ta sani ba.

Da aka kira ta, na yi gyaran murya irin na Baba. "Yagana, zo ki gaida malamai."

Ta ce, "Baba?" Sai ta ga fuskata. Ko sunanta ta kasa faɗa, sai kuka.

Wata malama ta ce, "Ɗana, da ka tambaya, uwa ma ta isa. Ku gwada baɗi."

Babu wani shugaba. Ni ne Modu ɗan allo, yayanta. Na ninke rigar na mayar akwati. Har yanzu Yagana juya mini baya take yi.