Surukata Ta Gwammace A Ce Mata 'Yar Caca

Anti Vasundhara,

Don Allah ki ba ni shawara, ki kuma sakaya sunana. Maganar surukata ce, uwar mijina, wadda muke kira Amma. Tare muke zaune da ita a Hubballi tun rasuwar mijinta. Gidansu mijina ba a cin nama, ba a cin kifi ko ƙwai, ko albasa da tafarnuwa ba sa shiga kicin ɗinmu. Ni ma haka na taso, don haka bai taɓa damuna ba. Ita Amma kuwa 'yar garin Karwar ce, bakin teku, inda ake cin kifi safe da yamma. Ta bar ci ranar da aka kawo ta gidan miji, shekara arba'in da wani abu ke nan, ban kuma taɓa jin ta yi zancensa ba.

Bara wurin aikin mijina suka kai ma'aikata da iyalansu hutu Panaji, babban birnin jihar Goa, muka tafi da ita. Cikin abin da aka shirya mana har da abincin rana a ɗaya daga jiragen ruwan nan na caca da ke tsaye a kogin Mandovi. Mijina ba ya caca, ci kawai ya kai mu. Abincin an jera shi ne kowa ya ɗebi abin da ransa ke so, na ganye a gefe guda, na nama da kifi a ɗaya gefen. Abokan aikinsa suka ja shi ƙasa kallon masu caca, ni kuma na tafi wanke hannu. Da na dawo ban ga Amma a teburinmu ba. Can bayan wani ginshiƙi na same ta a tsaye, ta juya wa jama'a baya, da soyayyen kifi a faranti tana zare ƙayarsa da yatsu biyu, cikin gwanintar da ban san tana da ita ba. Ta ɗago ta gan ni. Ba ta ɓoye farantin ba. Ta ce, “Gishirinsa ya yi yawa. Kada ki gaya wa ɗana.” Na ce to.

Na ɗauka shi ke nan. Sai ga shi duk lokacin da matan unguwarmu suka haɗa mota zuwa ziyarar wurin ibada a Goa, Amma ce kan gaba. Idan sun gama ibada aka sake su cin kasuwa a Panaji, sai ta sulale ta hau ƙaramin kwalekwalen da ke kai mutane jirgin, ta ci miyar kifi da kwakwa, ta dawo kafin mota ta tashi. Ita da kanta ta gaya mini. Na tambaye ta me ya sa sai jirgin caca, ga gidajen abinci cike da gari. Ta ce a gidan abinci sai mutum ya buɗe baki ya ce a kawo masa kifi, ita kuwa bakinta ba zai iya ba, a jirgi hannu kawai ake miƙawa.

Watan jiya wani maƙwabcinmu ya gan ta tana shiga kwalekwalen, ya kawo wa mijina labari. Yanzu mijina ya sakankance uwarsa ta zama 'yar caca. Ya karɓe katin bankinta, ya ce ba ta ƙara bin motar ziyara, kuma yana shirin kiran yayarsa ta zo a zauna a kan maganar. Da ya tambayi Amma, ba ta musa ba, ba ta kuma amsa ba. Da na same ta a ɗaki sai ta ce, “Gara ya ce ina caca. Caca laifina ce ni kaɗai. Kifi kuwa cewa zai yi na ci amanar ubansa.”

Tun daga nan ba ta cika fitowa tsakar gida ba. Mijina kuma yana yawan tambayata ko na taɓa ganin wata alama, ina ce masa a'a. In faɗa in karya alkawari, ko in yi shiru ina kallo?

Wata mai karatu, Hubballi

AMSA

'Yata,

Ki fara da daina cewa a'a. Alkawarin da kika ɗauka na yin shiru ne, ba na yi wa mijinki ƙarya ba, kuma ranar da gaskiya ta fito wannan a'ar za ta fi kifin yi masa ciwo. Ki ce masa kin san abin da ke kai ta jirgin, ba caca ba ce, kuma ba ke ya kamata ki faɗa ba. Ki roƙe shi ya mayar mata da katinta, ya kuma dakata da kiran yayarsa. Idan yana shakka, ya duba abin da ke fita daga asusun a gaban ita Amma, zai ga bai yi kama da na mai caca ba.

Kada ki ɗauke shi azzalumi. Mutum ne da aka gaya wa an ga tsohuwarsa tana shiga inda mutane ke rasa gidajensu, ya tambaye ta ta yi shiru. Tsoro ne ya sa ya yi gaggawa. Sai dai karɓe wa babbar mace katinta da hana ta fita ba ƙaramin abu ba ne, kuma ya yi hakan a kan maganar maƙwabci.

Kafin ki yi masa magana, ki sanar da Amma abin da za ki ce, don kada ta ji kin zagaye ta. Ki gaya mata shirun nan ba shi da arha kamar yadda take zato. Idan maganar ta kai kunnen dangi, sunan caca zai bi ta, 'yan ziyara za su fara kallonta, ɗanta kuma zai ci gaba da kwana da fargabar abin da babu shi. Ki ce za ki zauna kusa da ita idan za ta gaya masa. Zaɓin nata ne, amma ta zaɓa tana sane.

Ba zan yi miki alkawarin zai karɓa da dariya ba. Ƙa'idar gidan ubansa ce, yana iya jin zafi, a bar shi ya ji. Abin da za ku iya ba shi tabbaci a kai shi ne kicin ɗin gidan yana nan yadda yake, ba abin da zai shigo. Abin da uwarsa ta ci a waje kuwa, da kuɗinta, bayan ta riƙe al'adar gidan wasu fiye da rabin rayuwarta, tsakaninta ne da Ubangijinta.

Idan ƙura ta lafa, ki nemi rana ku fita ku biyu, ki tambaye ta gidansu na Karwar, wa ke girki, wa ke zuwa bakin ruwa da safe. Ina jin ta daɗe ba wanda ya tambaye ta. Ubangiji Ya sanyaya zukatanku, Ya bar ku tare cikin mutunci.

Taki,
Anti Vasundhara