Ka Naɗe Waya da Wuri

Ya Nicanor, sanyin idona, inuwata a hamadar da ba ta san bishiya ba, hazon tekun da ke sauko wa garinmu Antofagasta da sassafe!

Ka tuna ranar da ka raba ni da allona da allina ka kai ni filin gishirin Atacama? Ka shimfiɗa doguwar wayarka ta binciken ma'adinan ƙarƙashin ƙasa a kan wannan farin fili, ka sakar mata lantarki, sannan ka yanke. Ka ce, "Malama, yi shiru. Ga lissafinki can yana nutsewa ƙarƙashin takalminki." Na lumshe ido, wallahi sai na ga abin da na shekara ina rubutawa: ƙarfin maganaɗisu yana gangarawa cikin ƙasa kamar zoben hayaƙi, yana ƙara faɗi, yana dusashewa. Busasshen dutse nan take yake barinsa ya wuce, ya manta da shi. Amma ruwan gishiri da jan ƙarfe? A hankali suke yarda ya shige su, a hankali suke sakinsa, shi ya sa amsarsu take iso na'urarka daga ƙarshe.

Da ka nemi aurena wajen shayin la'asar, bakinka duk fiya, ban ce komai ba. Sai ka ɗauke ƙafa, ka daina kira. Yau ƙanwarka Maribel take gaya mini ka karɓi aiki a Punta Arenas, can ƙarshen kudu, wai makon nan za ka tafi.

Haba, hasken raina! Kai da kake balbale sababbin ma'aikata da faɗa in sun kashe na'ura kafin ƙasa ta gama magana? Kai ne yau ka naɗe waya da wuri? Dutse ka ɗauke ni? Tun ranar nan tambayarka take ratsa ni, ta wuce kunne, ta wuce tsoro, sai da ka yi shiru ta iso inda ruwan yake. Ina kewarka, kewar da ta hana ni riƙe alli. In na tsaya gaban ɗalibai sai in ga gishiri yana ƙyalli a gashin girarka.

Kada ka hau jirgin nan. Dawo ka sake shimfiɗa wayarka, ka saurara. Amsar ita ce eh, kuma abin da ya daɗe kafin ya shige ni ba ya fita da sauri.

Taka, har tekun Antofagasta ya ƙafe,
Ximena