Furar Inna da Wuƙar Likita

Kano, ran Litinin, 1957

Zuwa ga Yaya Dikko, Tudun Wada.

Gaisuwa buhu-buhu daga Ubale, helman masu haƙar kuza na Riruwai, wanda ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba, zuwa gare ka da matan gida da yara da maƙwabta, har da jakin nan naka mai taurin kai. Da fatan kuna lafiya. Ya ƙafar Baffa?

Yaya, uwarmu za ta kashe ni. Ka dai san ɗana Lado, duk abin da ya ci sai ya dawo da tsami, ga kukan ƙirji, ɗan shekara biyu ya koma kamar sillen kara. Belin da wanzami ya cire masa bai hana komai ba. Muka kawo shi asibitin Kano, likita ya haska shi, ya ce bakin tumbinsa ne ba ya rufuwa, sai an buɗe ciki an ɗinke. Da alƙalami na sa hannu, ba dangwale ba, har ma'aikata na leƙe.

Sharaɗi ɗaya ne, kar a ba shi komai tun magariba, don in an sa shi barci da abinci a ciki zai shaƙe shi. Sau biyu ana sa rana. Ta farko, ana ɗora shi a gado sai ga kunu ya biyo baki. Inna ce! Wai ba a kai rai gaban wuƙa da yunwa, ko rago sai an ba shi ruwa. Ta biyu na ƙwace ƙwaryar, ashe ta ƙulle fura a bakin zane. Matata A'isha na gani, amma ina ta ga bakin hana surukarta? Kuka kawai take.

Ni da ke juya lebura arba'in, tsohuwa ɗaya ta gagare ni. Na yi lallashi, na yi rantsuwa, ta ce da furar nan na yi wannan ƙaton wuyan.

Likita ya ce Alhamis ta sama ce ta ƙarshe, daga nan zai tafi hutu ƙasarsu wata huɗu. Jiya na ɗauki yaron, ban ji nauyin komai a hannuna ba. Ba zai kai wata huɗu ba, Yaya.

Don Allah ka aiko min da takarda a motar Asabar, ka ce jar saniyar Inna ta ɓata, ba a san garken da ta bi ba. Da jin haka za ta kama hanyar gida, mu samu a yi aikin. Ka rubuta manya-manya, ni zan karanta mata. Alhakin ƙaryar a kaina. Kar ka tsaya shawara da kowa, ka aiko.

Ƙaninka,
Ubale