Ɗakin Taron da Baba Ya Gina

Zuwa ga ƙanina Ja'afaru a Kumasi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara lafiya, ya buɗa maka a inda kake. Mu nan alhamdu lillahi. Inna dai ƙafar ce ke damunta, amma tana fitowa tsakar gida. Bana ruwa ya sauka bayan shekara biyun nan na fari, gero ya fara fid da kai, ko da yake har yanzu sau ɗaya muke ɗora tukunya.

Maganar ɗakin taron garinmu ce ta sa na rubuto. Ka tuna shekarar da marigayi Baba ya gina shi, gari duka ya fito gayya, mu mata muna ɗebo ruwa, kai da shi kuna sama kuna jera azara. A ciki aka yi mana ajin yaƙi da jahilci, har ga shi ina rubuto maka da hannuna. Bayan tafiyarka kuwa, nan aka riƙa rabon masarar agaji. Inna ta ƙi zuwa, ta ce ba za ta miƙa ƙwarya a ɗakin da mijinta ya gina ba. Ni nake bin layin. Sai in ɗaga kai in kalli rufin, in rasa abin da ke mini daɗi.

Ruwan makon jiya ya zubar da bangon gabas, azara uku sun sauko. Maigidana Iliyasu ya dawo daga wajen Dagaci ya ce an yanke shawara, in kaka ta wuce ba a sami mai gyara ba, rushewa za a yi. Ya ce yunwa ta watsa maginan garin, kuma a cikinsu ma kai kaɗai ka ɗauki hannun Baba.

Ban ce ka bar sana'arka ba, Ja'afaru. Ka zo ko na wata ɗaya ne. Da na gaya wa Inna zan rubuto, sai ta ce kada in dame ka da zancen bango, in dai faɗa maka ta fara manta muryarka.

Ka gaida mini matarka Zuliha da yara. Kawu Nababa da Larai suna gaishe ka.

Ni ce yayarka,
Hure