Jan Bakin Hajiya Ƙarama

Da sunan Allah Mai rahama. Godiya ta tabbata ga Wanda Yake tsare bayinSa ko sun gafala, tsira da aminci ga ManzonSa.

'Yata, na wuce masallaci kafin ki dawo daga aiki. Idan kika ga jan tabo a rigar Hajiya Ƙarama, kada hankalinki ya tashi. Lafiyarta ƙalau, tana barci a ɗakin goggonta.

Da hantsi ina shuka kuɓewa a lambu, na ajiye gwangwanin iri a ƙasa, irin nan da aka cuɗa da jan maganin ƙwari. Na je ɗebo ruwa, na dawo na tarar da ita zaune gefensa, baki da haɓa jajur. Na saɓe ta sai wurin likita, ko takalmi ban tsaya sawa ba. Ya leƙa bakin, ya yi dariya ya ce, "Malam, tumatir ne, ga 'ya'yansa nan a haƙori."

Da muka koma, gwangwani na nan a rufe, amma tumatirinki na fari, wanda kika daɗe kina jira ya nuna, saura rabi. Na ce wa ya ci? Ta nuna ni ta ce, "Kaka."

Ki yafe mini sakacina, ita kuma kada ki yi mata faɗa. Gwangwanin yana saman kabad, a bar shi can.

Allah Ya jiƙan kakarta mai sunanta, wadda ba ta taɓa ajiye iri a ƙasa ba, Ya raya mana wannan, ke kuma Ya yi miki albarka. Amin.